Jar Motar Yaya Habu a Hawan Mambila

Duk wanda ya zauna Gumel ya san gaisuwar Yaya Habu. In ka dawo daga tafiya ba ya tambayarka gajiya, balle mutanen can. Hannunka zai riƙe ya ce, "Hanyar akwai hawa?" Ka ce babu, ya sake ka kamar ka yi masa laifi. Ni ƙanensa ne, ciki ɗaya, don haka na fi kowa shan wannan tambaya.

Asalin abin wata kalanda ce a ofishinsa, lokacin yana malamin dabbobi a Maigatari. Hoton hanyar Mambila ne, ta nannaɗe dutse kamar rawani. Nan ya rantse sai ya hau ta da hannunsa a kan sitiyari. Mu da tudun da muka sani bai wuce suri ba!

Yana yin ritaya ya shigo gida da wata 'yar mota ja, mai kujera biyu, cikinta na shafar ƙasa. Sai ya cire hula kafin ya shiga. Matarsa Hajiya Yalwa ta zagaya ta sau biyu.

"Malam, ina sauran motar?"

"Wane sauran?"

"Wajen buhun gero. Wajen jikoki."

"Hajiya, wannan ba ta gero ba ce, ta hawan dutse ce."

"To, Allah Ya kawo dutsen," in ji ta, ta koma kan tukunyarta.

Da dutse ya ƙi zuwa, sai ya tafi gonarsa ta Ɗanzomo bayan girbi, ya kakkafa dammunan kara, wai su ne lanƙwasoshin hanya. Ya ɗauki na farko lafiya. A na biyu motar ta nutse cikin rairayi har ƙofa. Shanun huɗa aka kawo suka ja ta, rabin ƙauyen na kallo.

Na ce, "Yaya, ta kafe fa."

Ya ce, "Ba ta kafe ba, Sale. Ƙasar ce ba ta dace da ita ba."

A nan direbobin kasuwa suka koya masa dabarar wajenmu: in hanya ta yi wuya, rage wa taya iska. Ya riƙe wannan kamar karatun allo.

Ana haka idonsa ya fara dusashewa. Likita ya ce abin gaba zai yi ta yi. Babban ɗansa Kabiru ya zo ya durƙusa.

"Baba, don Allah ka ba ni makullin motar nan."

"Bayan Babbar Sallah."

"Baba, jiya ka yi wa rumbu sallama!"

"Kuma bai amsa ba. Na ce bayan Sallah."

Saura mako uku Sallah ke nan. Washegari Yaya ya iske ni ina shan koko. "Sale, ɗauko tabarmar sallarka, Mambila za mu." Wallahi ban so ba. Amma na san in ban bi shi ba, shi kaɗai zai tafi.

Kwana uku muka yi a hanya, muna tafiya da rana kawai. Da muka iso gindin dutsen na ɗaga kai har hulata ta faɗi. Shi ko sai ya fito, ya tsuguna, ya fara sace iskar tayoyi da tsinke. Wani direban babbar mota ya rugo.

"Alhaji! Me kake yi haka?"

"Hanya ce mai wuya, ɗana."

"Subhanallahi! Kwalta ce fa da lanƙwasa, ba rairayi ba. A kwanar farko tayar za ta zame. Daga ina kuke?"

"Gumel."

"Ai ho," in ji shi, ya je ya ɗauko famfo.

Ya mayar da iskar, ya ce mu bi bayansa a ƙaramar giya. Muka kama hawa. Dama dutse, hagu rami wanda ban ga ƙarshensa ba. Kunnuwana suka toshe, na ɗauka mutuwa ce ta fara ta sama. Na karanta duk abin da na haddace, har da addu'ar shiga kasuwa. Yaya kuwa ya manne hanci da gilashi, gumi na zuba, yana juya sitiyari yana cewa, "Haka! Haka, 'yar albarka!" Ko sau ɗaya bai ce mu tsaya ba.

Muna kaiwa sama ya kashe mota ya fito. Ya daɗe yana fuskantar kwarin. Can ya ce, a hankali, "Sale, gaya mini abin da ke ƙasa. Tun daga gindi, bayan motar yaron nan kawai nake iya gani."

Na duba, ina neman abin da zan ba shi, sai na ga hazo ya rufe ko'ina fari fat.

"Yaya, wallahi ni ma ban ga komai ba. Hazo ne."

Ya ƙyalƙyale da dariya har ya dafa ni. "Alhamdu lillahi! Ashe ba a cuce ni ba." Ya damƙa mini makullin. "Kai wa Kabiru. Amma fa kai za ka sauko da ita."

Yadda na sauko da ita, kar ku tambaye ni.

Shekara biyu ya ƙara a duniya, ba ya ganin ko tafin hannunsa, kuma ban taɓa jin ya yi ƙorafi ba. Ina kewarsa ƙwarai. Ya Allah, Ka gafarta wa Yaya Habu, Ka haskaka masa kabarinsa, Ka buɗe masa idanu a kan abin da ya fi wancan kwari kyau. Amin.