Burtalin da Ya Rage a Kwamfutar Zinnira

A duk zuri'ar Baffa Jalo na Gude, Zinnira ce kaɗai ta bar tatsar nono ta tafi Kano koyon kwamfuta. Da ta dawo 'yan'uwa suka yi ta tsokanarta, wai ta je birni ta koyo kiwon akwati. Ba ta damu ba, don ta san abin da za ta yi da akwatin.

Akwai burtali, hanyar da shanunsu ke bi zuwa mashaya tun zamanin kakanni, kuma kowace damina gonaki sai sun ɗan ci gefensa. Baffa Jalo ne kawai ya rage wanda ya san iyakarsa ta asali. Wata biyu Zinnira ta yi tana bin tsohon nan da waya a hannu, yana nuna tsamiya da suri da dutse, tana ɗaukar muryarsa da hoton kowane wuri. Ta kwashe komai ta zuba a kwamfutarta ta kulle. Bayan Babbar Sallah Allah ya yi wa Baffa rasuwa.

Zinnira mai tsantseni ce, har abin ya yi yawa. Ita kwamfutar tana da abin da masu sana'ar ke kira kanel, wato zuciyar da ke juya ta, kuma Zinnira ba ta yarda da guda ɗaya ba. Uku ta ajiye, sabuwa da tsofaffi biyu, don idan sabuwar ta ƙi tashi ta koma kan na da. Kowace zuciya tana da ɗan ƙunshinta da take tashi da shi, a ciki ne mabuɗin ma'ajiyar da ta kulle muryar Baffa da hotunan yake. Wannan tsari ya sa take barci da minshari.

Ran nan ta kai kwamfutar gyaran allo Gwarzo, ta dawo zuciyarta ba ta kwanta da mai gyaran ba. Sai ta canza mabuɗi ta soke tsohon. Ta sabunta ƙunshin sabuwar zuciyar, ta gwada, ya tashi lafiya. Sauran biyun ta ce sai anjima. Anjimar nan ce ta kai wata huɗu, kamar mai bai wa saniyar tatsa dusa ya manta da na bayan garke.

Ana saura kwana biyu a zauna gaban dagaci kan maganar burtalin, da hantsi, kwamfutar na tsakiyar sake rubuta ƙunshin sabuwar sai janareta ya mutu. Batirin kuwa ya daɗe da zama ado. Da wuta ta dawo, sabuwar ta ƙi tashi. Zinnira ko gezau, ai saboda irin wannan ranar ta yi tanadi. Ta zaɓi ta biyu. Ƙunshinta ya miƙa tsohon mabuɗin da aka soke, ma'ajiya ta ƙi buɗewa. Ta uku ma haka. Ta je Gwarzo, ta je Kano, duk wanda ya duba sai ya girgiza kai ya ce mabuɗin ya tafi tare da ƙunshin. Wayar kuwa tuni ta goge ta don samun wuri.

A ƙofar dagaci, bayan doguwar gaisuwa, ta faɗi gaskiya kanta a ƙasa. Dagacin mutum ne mai sauƙin kai.

"Ba komai, 'yata," in ji shi. "Ai da ƙafarki kika bi marigayi. Mu je ki nuna mana da hannu."

"To, ranka ya daɗe."

Aka ɗunguma, manoma da makiyaya. Suka iso inda tsamiya uku ke tsaye kusa da juna, dagaci ya tambaye ta wacce ce iyakar. Zinnira ta dubi wannan ta dubi waccan. Ta tuna muryar Baffa sarai yana cewa ga ta nan, amma a lokacin idonta na kan waya, tana duba ko hoto ya fita. Wata biyu tana bayansa, ba ta taɓa kallon inda yatsansa ke nunawa ba.

"Ban sani ba, ranka ya daɗe," ta ce.

Dagaci ya ce a bar kowa inda shukarsa ta bara ta tsaya. Da ruwan farko ya sauka, garma ta bi ta tsakanin tsamiyoyin.