Tabon Kunkurun Baba

Kunkurun gidanmu ya girme ni. Mahaifinmu ne ya tsinto shi a dajin Tagriss lokacin da yake fataucin dabbobi, a sa'annan bai wuce tafin hannu ba. Baba ya rasu, kunkuru yana nan, har ya kai girman akushi. Kowa a gidan cewa yake yana son shi, amma in aka zo kula da shi sai ni kaɗai, kamar ni aka bar wa wasiyya.

Damuwata ita ce lokacin ɗari. Da sanyi ya sauka a Dakoro sai ya daina cin ganyen wake, ya kutsa ƙarƙashin tarin karan gero da ke bayan ɗakin Inna, ya yi lamo. A daidai lokacin kuma ake ba da hutun lakwal, wato makarantar boko, na ƙarshen shekara, yayana ya kwaso 'ya'yansa daga Maraɗi, gida ya cika. Yaran birni ba su jure ɗari. Da sassafe za ka ga sun zaro kara sun hura wuta, kuma a gindin tarin, don ƙiwa ba ta barin su ja shi zuwa tsakar gida.

A hutun bara na yi faɗa har muryata ta dishe. Na ɓoye ashana, na ɗaure tarin da igiya. Na ce wa yayana ya ja wa 'ya'yansa kunne, sai ya bushe da dariya.

"Ke malama, nan hwa ba aji ba ne. Kunkurun da ya ga fari ya ga yunwa, ɗiyana za su kashe?"

Raina ya ɓaci ƙwarai. Tunda ban yarda da kowa ba, kullum safe sai in ɗauki sanda in zunguri ƙarƙashin karan har in ji ƙwas, in tabbata yana nan. Inna ta gaji da kallona.

"Bar shi ya huta, 'yar nan," ta ce. "Wanga zunguri naki ya fi wutar yara damun shi."

Na yi kunnen uwar shegu da ita.

Wata safiya na fito da kaskon garwashin da Inna ke ɗumama ɗaki da shi. Ina tafe ina mitar yaran, na juye shi a ramin toka na bayan madafa kamar yadda na saba. Sai na ga toka tana motsi, ƙauri ya taso kamar ana babbaka ƙaho. Ashe bawan Allah ya gaji da sandata, ya bar karan ya koma cikin toka mai ɗumi.

Da hannu na zaro shi, ban ma ji zafi ba. Na kwara masa ruwan randa, Inna ta shafa masa man shanu. Kwana uku bai fito da kai ba, ni ma ban iya cin abincin kirki ba. Yayana bai tsokane ni ko sau ɗaya ba, kuma wallahi shirun nan nasa ya fi mini ciwo.

Kunkuru ya rayu, amma da farin tabo a gadon baya. Bana yaran sun sake zuwa hutu. Sun koma hura wutarsu can tsakar gida ba tare da kowa ya ce musu uffan ba. In baƙo ya shigo kuwa, sai su ja shi wurin kunkurun, su ɗora yatsa a kan tabon.

"Ka ga nan? Gwaggo ce ta ƙona shi."