Motar da Ta Daina Hutawa a Hanyar Minna

Talata: Zariya zuwa Dikko

Ƙarfe shida saura kwata muka bar gida a Tudun Wadan Zariya, ni da 'yata Nafisa, da dawowata daga sallar asuba. Mahaifiyarta ta rako mu har bakin mota da filas ɗin shayi da ƙullin dambun nama, tana ta maimaita mata inda ta saka takardu. Ni tela ne, na fi shekara talatin a kan keke, Nafisa kuwa ita ce ta fari a gidana. Ta samu gurbi a jami'ar da ke Gidan Kwano, bayan garin Minna, za ta yi karatun injiniya a fannin injuna. Ranar ce ta ƙarshe ta tantance takardun sababbin ɗalibai, kuma ƙarfe huɗu za a rufe ofis. Laifina ne da muka kai ranar ƙarshe. Mako uku ina jan ƙafa, don ni so na yi ta karanta aikin jinya nan kusa, ta riƙa kwana a gida. Sai ranar Lahadi na ce to.

Motata 'yar kwatano ce, bara na saye ta, kuma tana da wani hali. Duk inda ka tsaya ka danne birki, sai injin ya yi tsit kamar an kashe, kana ɗaga ƙafa ya tashi da kansa. Ranar da ta fara yi mini haka a danja, na ɗauka an cuce ni. Nafisa ce ta nemo littafin motar a waya, ta ce haka aka ƙera ta don rage shan mai. Tun daga nan na saba, har na riƙa cewa motata tana hutawa.

Mun shiga Kaduna bakwai da kwata. Cunkoson Kawo ya riƙe mu kusan minti ashirin da biyar, mota tana mutuwa tana tashi ba adadi. Muka fice muka kama hanyar Abuja. A shingen jami'an tsaro kusa da Kateri, wajen tara saura, na danne birki na miƙa takardu. Jami'in ya leƙa baya ya ga katifa da bokiti, ya yi murmushi ya ce, "Makaranta?" Na ce makaranta. Ya ce Allah ya ba da sa'a. Muna wucewa Nafisa ta ce, "Baba, motar ba ta huta ba."

"Ban lura ba."

"Minti biyu muka yi a tsaye. Dubi gabanka, akwai harafin A an ja masa layi."

Na duba, ga shi nan kuwa, ɗan mitsitsi kusa da agogon mai. Na ce in dai tana tafiya ai shi ke nan. Ta ce akwai dalilai da yawa, yawancinsu ba komai ba ne: in injin bai yi zafi ba, ko direba bai ɗaura bel ba, ko ƙofa ko bonet bai rufu da kyau ba, ko kuma rana ta yi zafi na'urar sanyi tana aiki da ƙarfi. Ta roƙe ni mu gwada. Na kashe na'urar sanyi, muka sauke gilashi. A Tafa, inda muka tsaya shan shayi goma da minti biyar, ta fita ta danna bonet da hannu biyu, ta sake rufe kowace ƙofa. Inji yana ta aiki abinsa, harafin yana nan.

"Saura abu ɗaya, Baba," in ji ta. "Batir. In motar ta ga ba shi da ƙarfin da zai sake tayar da ita, ba za ta yarda ta kashe kanta ba."

"Batirin da na canza wata biyar da suka wuce?"

"Don Allah dai kada ka kashe ta sai mun isa."

Na ce to, amma irin to ɗin da uba ke ce wa yaro don a bar maganar. Mun kai mahaɗar Dikko sha ɗaya saura kwata, kusan kilomita ɗari biyu da talatin daga gida, muka karya dama.

Dikko zuwa Paiko

Daga Dikko zuwa Minna bai kai kilomita ɗari ba, amma ya ci mana lokaci fiye da yadda na lissafa. Ana aikin hanya a wurare da dama, ga tireloli jere. Bayan Lambata wata tankar mai ta maƙale a inda aka karkatar da hanya, muka yi sa'a ɗaya da minti goma ba motsi. Mata suna zagayawa da mangwaro a faranti, muka saya muka sha a cikin mota. Nafisa sai duba agogo kawai take yi. Da ta yi magana ma da ya fi mini sauƙi.

Mun isa Paiko ɗaya da rabi. Doya jibge a bakin titi, ƙwarya-ƙwarya, ga masallaci ana kiran azahar. Na ce mu yi salla, in kuma saya wa mai masaukinmu doya. Na gyara tsayuwa a gindin wata bishiya, hannuna ya kai ga madannin da kansa, na kashe mota. Sai da injin ya yi shiru na tuna. Nafisa ta kalle ni, ta ɗauki darduma ta fita.

Da muka idar na danna madanni. Fitilun gaba suka yi ƙyaf-ƙyaf, wani abu ya ce ƙas-ƙas-ƙas, shi ke nan. Na sake, haka. Motar ba mai giyar hannu ba ce balle a tura. Wani direban bas mai suna Danjuma, da ke lodin fasinjan Minna, ya zo da wayoyinsa ya haɗa batirinsa da nawa. Wayoyin sirara ne, suka yi zafi, mota ba ta tashi ba. Ya ce akwai mai gyaran wayar mota a cikin gari, amma ya tafi wani ƙauye ɗauko aiki, sai wajen uku.

Biyu saura minti biyar. Daga Paiko zuwa Minna kusan kilomita ashirin da biyar ne, daga Minna zuwa Gidan Kwano wajen sha biyar, ga cunkoson cikin gari a tsakani. Kaya cike da mota, ba zan iya barin ta a bakin titi ba.

"Baba, bari in bi bas ɗin," in ji Nafisa.

Ba ta taɓa shiga motar haya ita kaɗai zuwa wani gari ba. Na tsaya ina kallon bas ɗin, ƙofarsa ɗaure da igiya, buhunan doya a saman. Danjuma ya ce, da irin Hausarsa ta mutanen yankin, "Alhaji, kawo yarinya. Ni ma ina da shi biyu a makaranta. Zan sauke shi a hannun wanda ka ce."

Na kira Alhaji Ndagi, mai masaukinmu. Banufe ne ɗan Bida, tare muka koyi ɗinki a Kaduna muna samari, yanzu yana sayar da yadi a Minna. Ya ce, "Sako ta, ina jiran ta a tasha." Nafisa ta ɗauki jakar takardu kawai. Danjuma ya tashi wani fasinja ya ba ta gaba, kusa da wata dattijuwa. Biyu da minti biyar suka tashi. Na zauna a kan bencin mai doya, waya a hannu.

Mai gyara ya zo uku da kwata da batir a bayan babur. Ya ɗaura nasa, mota ta tashi nan take, ya mayar da nawa tana kunne, ya ce kada in kuskura in kashe. Ina kan gadar Chanchaga, huɗu saura minti goma, saƙo ya shigo. Na tsaya gefe na karanta: "An karɓa, Baba. Ni ce ta uku daga ƙarshe." Na daɗe a gefen titin nan kafin in ci gaba.

Gidan Alhaji Ndagi yana Tunga. Na shigar da mota tsakar gida kafin in kashe. Ba da jimawa ba Alhaji ya dawo da Nafisa daga Gidan Kwano. Matarsa ta yi mana tuwon shinkafa da miyar wake da busasshen kifin Neja. Minna akwai zafi, a tsakar gida muka ci.

Laraba: Ƙetaren Gwari, Kasuwar Kure, Gidan Kwano

Takwas na safe muka tayar da mota da batirin Alhaji, muka nufi Ƙetaren Gwari inda makanikai suke. Ya kai ni wurin wani dattijo, Malam Bala mai waya, wanda ya ce kakansa daga Kano ya zo aikin jirgin ƙasa, su kuma duk a Minna aka haife su. Nafisa ta ce za ta bi mu, ban hana ba.

Malam Bala ya ɗora na'urarsa a kan batir, ya girgiza kai. "Wa ya saka maka wannan?"

Na ce wani mai batir ne a garinmu, ya ce mini duk ɗaya ne.

"Ba ɗaya ba ne, Alhaji. Motar da aka saba da ita sau nawa ake tayar da ita a rana? Biyar, shida. Wannan kuwa a gosulo ɗaya sai ta tashi sau talatin. Tana da nata batir na musamman mai jure haka. Ka saka mata na gama-gari, wata biyar tana tatsar sa, jiya ɗaki ɗaya a cikinsa ya mutu." Ya nuna mini wani ɗan akwati baƙi a kan batirin. "Wannan shi ke gaya wa ƙwaƙwalwar mota ƙarfin da ya rage. Da ta ji ya yi ƙasa, sai ta daina kashe inji. Mutane suna zuwa mini suna cewa abin ya lalace. Sau da yawa lafiyarsa ƙalau, zafi ne ko bel ko gajerun tafiye-tafiye da ba sa barin batir ya cika. Amma in an duba duk waɗannan bai dawo ba, to gargaɗi ne."

"In an saka sabo, ba sai an shigar da shi a ƙwaƙwalwar ba?" Nafisa ta tambaya. "Na karanta cewa in ba haka ba za ta ci gaba da yi masa caji kamar tsoho."

Malam Bala ya ɗago ya dube ta ta saman tabarau. "'Yar wa ce wannan?"

"Tawa ce," na ce. "Injiniya za ta karanta a Gidan Kwano."

Wannan ne karo na farko da na faɗi haka da bakina ga wani. Ya miƙa mata na'urar, ya ce ta zo ta danna da kanta, yana nuna mata. Ya ce duk ranar da ba ta da darasi ƙofarsa a buɗe take, 'yarsa ma tana zama a shagon ranar Asabar. Batirin ya yi tsada, ya kusa ninka wancan, amma ban yi ciniki mai tsawo ba. Ya ce kada in damu in ba ta fara hutawa nan take ba, sai ta yi 'yar tafiya.

Sha ɗaya muka shiga Kasuwar Kure. Muka sayi shinkafa, garin kwaki, manja, risho da ƙaramar tukunya. Matar Alhaji ta ƙara mata da ƙuliƙulin Bida cike da leda. Daga shataletalen Kpakungu muka kama hanyar Bida, minti talatin da biyar muka kai Gidan Kwano, gonaki hagu da dama, bas-bas cike da ɗalibai. Maza ba sa shiga ɗakin kwanan mata, don haka a bakin ƙofa na sauke kaya. Wasu 'yan mata biyu, ɗaya daga Ilori ɗaya daga Kontagora, suka kama mata katifa. Na yi niyyar yi mata doguwar nasiha, na ma tsara ta tun a hanya. Da lokacin ya zo, abin da ya fito kawai shi ne, "Ki riƙe salla, ki riƙa cin abinci." Ta durƙusa ta ce, "To, Baba. A gaida Mama." Ta shiga.

Alhamis: komawa gida

Na bar Tunga shida da rabi, bayan na sha kunun gyaɗa da ƙosai. Alhaji Ndagi ya cika mini but ɗin mota da doya duk da na hana. A Paiko na tsaya na nemi Danjuma, aka ce ya yi lodin farko ya tafi, na bar masa sallahu wurin mai doya. Hanya ta yi sauƙi, an janye tankar. Dikko tara da kwata, Kaduna sha biyu saura, na yi azahar a Mararrabar Jos. Biyu da rabi na shigo Tudun Wada.

Na gode wa Allah da ya kai mu ya dawo da ni lafiya. Na gode wa Alhaji Ndagi da iyalinsa, da Malam Bala, da direban da ya ɗauki 'yar mutumin da bai sani ba ya kai ta hannun da aka ce. Allah ya tsare musu nasu 'ya'yan.

Mahaifiyar Nafisa na tsaye a zaure da na shigo. Ta leƙa kujerar gaba, ko da yake ta san ba kowa. Ta karɓi jakata, muka shiga ciki.

"Ta yi kuka?" ta tambaya.

"Ko kaɗan."

Ta ɗan dube ni. "Kai fa?"

Na ce ta ba ni ruwa in sha, hanya akwai zafi.