Yadda Na Kai Naman Diddigen Habiba Kano

Ƙarfe biyar da minti arba'in na asuba na fito daga gida a Rigasa. Matata Habiba ta rako ni zaure tana ɗingishi, ƙanenta Nasiru yana jira da babur. A aljihuna akwai ɗan kwali, cikinsa guntun naman da aka yanko daga baƙin tabon da ke diddigenta, an daskarar da shi cikin kaki. Likitocinmu sun duba, sun kasa tsayar da magana: ciwon daji ne mai bin jiki, ko kuwa? In shi ne, ana maganar yanke ƙafar. Suka ba ni wasiƙa in kai wa wata likita a Kano.

Kawo

Shida da kwata motar Kano ta cika a tashar Kawo. Direba ya ce in ajiye kwalin gaban gilashi.

"Rana za ta narkar da shi," na ce.

"Alewa ce, Baba?"

"Naman mutum ne. Ja mota."

Ya ja mota. Mun wuce Zariya bakwai da rabi, muka sha shayi a Kwanar Dangora.

Kano

Goma da rabi na miƙa kwalin da wasiƙar ga likitar, wata dattijuwa mai aikin duba nama a madubin likita. Bayan azahar ta kira ni. Ta ce ƙwayoyin da ke ba fata launi ne suka taru, amma kamanninsu na da ruɗi, ido kaɗai ba zai raba gardama ba. Sai an aika Legas an gwada ƙwayoyin halittarsu.

Sannan ta tambaya, "Wasiƙar ta ce an taɓa yanke shi bara. Ina na farkon?"

"Na naɗe shi a farin ƙyalle na binne, kamar yadda ake yi wa jikin ɗan Adam."

Ta cire tabarau. "Malam Garba, da nan ka kawo shi, da tun bara kun samu barci."

Na yi mata godiya, na kama hanya.

Gida

Bayan magariba na iso. Sati uku cif sakamako ya zo: ba mai bin jiki ba ne. Gefen tabon kawai za a ƙara yankewa. Habiba ta yi sujada, ni ma na yi. Allah ya saka wa likitar nan da alheri.

Roƙona gare ka, mai karatu: in an yanke wani tabo a jikin naka, kada ka riga likita. Bari a gwada tukuna, ƙasa ba ta sauri.