Fuskar Mahaifiyata a Ranar Hantsi

Takardar da aka shafa wa maganin hoton shuɗi tana da wani ɗan warin ƙarfe. Duk sa'ad da ya bugi hancina a ɗakin aikina, sai in gan ni a tsakar gidanmu na Tahoua, ina 'yar firamare, ban taɓa ganin fuskar mahaifiyata ba. Wajen haihuwata ta rasu. Abin da ya rage na kamanninta ɗan fim ne guda, bai fi kwalin ashana ba, wanda kakata ke ɓoyewa cikin kwalla tare da turare. In ka ɗaga shi sama, sai ka ga mace mai farin gashi da baƙaƙen haƙora, don a fim fari baƙi yake fitowa, baƙi kuma fari. Wannan kuwa ba uwar kowa ba ce.

Kawuna yana aiki a biron masu zanen gine-gine, inda ake juya taswira a kan shuɗiyar takarda. Shi ya ce zai iya fito da mahaifiyata daga fim ɗin a kan irin takardar nan. Takardar, in ji shi, ba kowane haske take ji ba. Akwai wani da ido ba ya gani, shi kaɗai take saurara. Ana samunsa a babbar fitilar biro mai zafi, ana kuma samunsa kyauta a rana tsaka.

Kaka ta ƙi duka biyun.

"Ɗiyata ta fita gidanga sau ɗaya, ba ta komo ba. Ba ta koma fita."

"To, inna, mu sa ta bisa soro da tsakar rana."

"Ranar da ke dukanta a kushewa ba ta isa ba?"

A gidanmu ba a barin kowa waje da rana tsaka, lokacin iskoki ne, kuma kaka ba ta ga dalilin da zai sa mutuwa ta cire mutum daga dokar gida ba. Kawu ya gwada fitilar ƙwai, ya gwada ƙwan lantarki. Yana wanke takardar sai ta fito fes, kamar ba a taɓa ta ba. Kaka ta mayar da fim cikin kwalla ta rufe. Ban yi kuka ba. Na dai daina tambaya, kuma ina jin shirun nan ne ya dame ta.

Wata safiya ta bazara ta kira kawu.

"Ranar hantsi fa? Ita ma tana da hasken nan naka?"

"Tana da shi, inna, sai dai da jinkiri."

"Mi muke sauri? Ina za ta?"

Kawu ya danne fim da takarda ƙarƙashin gilashi. Kaka ta hana a ajiye a ƙasa. Ta zauna bisa tabarma tana fuskantar gabas, ta ɗora a cinya, ta kauda kai don kada inuwarta ta faɗa a kai. Gumi ya jiƙa mayafinta, ba ta motsa ba, har gefen takardar ya juye daga ruwan ɗorawa zuwa ruwan toka. Kawu ya tsoma ta cikin ƙwaryar ruwa. Ruwan ya yi tsanwa, sannan wata budurwa ta taso a hankali, shuɗiya kamar zanen da ya fito daga marina, tana murmushi da ɗan wushirya. Na sa harshe na taɓa tawa.

Yau ina da akwatin fitilu da aka ƙera don wannan aikin. Ba ruwansa da hadari, ba ya zafi, hoton yau daidai yake da na gobe. Ɗaliban da nake koya wa aikin in sun tambaye ni wane haske za su zaɓa, shi nake nuna musu, don gaskiya ya fi. Kaka da kawu duk sun bi mahaifiyata kushewa. Kwallar tana hannuna. Amma fim ɗin nan bai taɓa shiga akwatin ba. In zan juya shi, hantsi nake jira, in shimfiɗa tabarma, in ɗora shi a cinya, in kauda kaina.