Baƙuntar Kaka a Yelwa

Bakina ne ya jawo, kuma ba wani abin kirki na faɗa ba. So na yi a san na iya Turanci.

Ina aji shida aka kawo Kaka daga Zungur, yanar ido ta rufe mata gani. Likita ya ce ɗaya bayan ɗaya za a yi aikin, sai na dama ya warke a taɓa na hagu. Mu kuwa ɗaki biyu muke haya a Yelwa, a gidan da in ka yi atishawa maƙwabcinka ne zai fara yi maka addu'a. Dokar gidan ita ce baƙo ya kwana biyu ya wuce, ba ya tarewa, don rijiya ɗaya ce, banɗaki ɗaya.

Kaka ta samo dabararta. Duk ranar da Malam Buba, wakilin mai gidan, zai zagayo, sai ta yafa mayafi, ta ɗora jaka a cinya, ta ɗosana a gefen tabarma kamar yanzu ta sauka daga mota. Ya rusuna ya ce, "Inna, sannu da hanya." Ta ce, "Yawwa ɗan nan, ko ƙafa ban wanke ba." Aka yi watanni Kaka tana isowa.

In an ɗauke wuta bayan magariba, Umma kan fito da kurfoti ƙofar ɗaki, mu kewaye shi, Kaka tana juya masara da hannun da ba ya jin zafi. Wani maraice ina fama da aikin gida a hasken gawayin. An ce mu rarrabe house da home, guest da tenant, stay da live. Malama ta ce mai stay zai tafi, mai live ya tare. Na ce, "Amaryata, ke wanne ce a ciki?"

"Rufe littafin nan, maigidana marowaci. Ga ta nan, mai gyangyaɗi ta wuce shi."

Wai ruwa ne ya cinye ramin wata tsohuwar ɓera, ta shiga rumbun wani manomi. Kyanwar da ke gadin rumbun ta gan ta, ta ga tsufanta, sai ta ce, "Baƙuwa ce?" Ɓera ta ce, "Yanzu na iso." Kullum haka, har damina ta yi nisa. Rannan zakara ya hau kan rumbu ya buɗe murya: "Ɓera ta tare! Ɓera ta tare!" Manomi ya ji, gari ya ji. Kyanwa ta zo tana hawaye ta ce, "Kin ga, yau dole in zama kyanwa."

Ni ne na yi ta kwaikwayon zakaran, ina bubbuga haƙarƙari, ƙannena suna birgima. Kaka ba ta yi dariya ba. Na ɗauka hayaƙi ne ya dame ta.

Ranar Asabar muna bakin rijiya, Malam Buba ya ce, "Ɗan boko, me aka koya muku?" Na gyara tsayuwa kamar mai karanta labarai. "Bambancin guest da tenant. Misali, kai kana ce wa Kaka guest, alhali tun kafin azumi take nan, har kuɓewarta ta yi fure a bayan ɗaki!"

Ni kaɗai na yi dariya. Maman Joy, wadda aka sallami ƙanwarta bara da wannan dokar, ta ajiye guga a hankali ta ce, "Malam, ka ji dai ko?" Kuma gaskiyarta ce.

Da yamma na ji Malam Buba yana ce wa Baba, "Ka yi haƙuri. Da ban ji ba, da ban sani ba."

Na jira duka, ba wanda ya taɓa ni, abin ya fi duka ciwo. Kaka tana ɗaure kaya ta laluba ta kama kunnena ta ce, "Oh, maigidana ya sake ni a bainar jama'a." Ta yi 'yar dariya. Ni na kasa.

Yanzu ina babbar sakandare, kalmomin nan ko cikin barci zan rarrabe su. Abin da ban gane ba a lokacin shi ne kowa a gidan ya san amsar kafin ni, har Maman Joy. Shiru suka yi da gangan, a cikin shirun nan Kaka take kwana. Har yau in malami ya yi tambaya, hannuna ya fara tashi, sai in mayar da shi ƙasa.

Da lokacin aiki na biyu ya yi, Baba ya je Zungur ɗauko ta. Ta ce ba za ta sake zama inda sai ta riƙe jaka ba. Har yau ba a yi idon hagu ba.