Mai Tsintar Ɓawon Jatan Lande

Wata mata ce tsaye a rumfar mai kifi, farcenta duk ƙasa, mayafinta na ƙanshin ganyen lemo. Ba ta ko kallon kifin, ɓawon jatan lande take tsinta a kwandon shara.

"Baiwar Allah, miyar ɓawo za a kaɗa?" in ji mai kifi.

"Bishiyoyin lemona funfuna ke cinyewa, Baba. In na niƙa wannan na fesa musu, sai su zaci funfunar ce, su fitar da sinadarin da ke narkar da ita."

"Kuma suna ruɗuwa?"

Wataƙila gonar ce kaɗai abin da ya rage mata, don ta jima tana juya ɓawon a tafinta.

"Biyu dai sun fara toho."